ZAMAN MAKIYAYI DA MACIJI A DAJI ƊAYA

Jawabin da aka gabatar da sunan kwamitin ƙungiya a taron makiyaya da 'yan kasuwar bisashe, gab da faɗuwar damana

 

Iyayenmu Arɗo-Arɗo, Rugga da Garso na kowane yanki, iyayenmu mata, sarakunan kasuwa da dillalai, 'yan'uwa makiyaya manya da yara, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro gida da bisashe lafiya.

A tarukanmu mun saba da zancen burtali da aka nome, da rijiyar da aka hana mu, da tarar da ake ɗora mana ba bisa ƙa'ida ba. Yau kwamiti ya ɗora mana wata magana wadda ba a cika kawowa taro ba, alhali da wuya a sami ruga guda da ba ta taɓa kuka a kanta ba. Maganar abin ƙasa ce. Bahaushe ba ya kiran sunansa da dare, sai ya ce igiyar ƙasa, Bafulatani ma haka yake sakaya shi da harshensa. Mu kuwa tunda rana tsaka ce za mu kira shi da sunansa, wato maciji, mu duba yadda muka ɗauke shi, da yadda ya kamata mu zauna da shi, don daji ɗaya muke kwana, shi ba zai ƙaura ba, mu ma ba za mu bar kiwo ba.

GIRMAN ABIN

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji na saran mutum kimanin miliyan 5 a duniya kowace shekara, waɗanda ke mutuwa kuma suna tsakanin 81,000 da 138,000. Waɗanda ake yanke wa ƙafa ko hannu, ko suka nakasa har abada, sun kai ninki uku na mamatan. A shekarar 2017 hukumar ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta fito da shirin rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030.

To, jama'a, su wa ke cikin wannan lissafi? Manomi ne da makiyayi, da macen da ta tafi itace, da yaron da ke bin awaki ba takalmi. Kuma wanda ake rubutawa a littafin likita shi ne wanda ya iso likita. Namu da yawa can cikin daji suke cikawa, a yi musu sutura a mashekari, garke ya tashi, babu takardar da ta san da su. Abin da ba a rubuta ba kuwa ba a ware masa kuɗi a ofis. Wannan shi ya sa maganar maciji ta zama maganar ƙungiya.

YADDA MUKA ƊAUKI MACIJI

In muka duba cikinmu za mu ga hali iri uku.

Akwai wanda da ya hangi maciji sai ya ɗaga sanda, ko da abin na tafiyarsa can nesa, ya bi shi har rami, yara na biye da shi da duwatsu. A wajensa kowane maciji abokin gaba ne. Amma masu bincike biyu, Trape da Mané, waɗanda suka tara macizai 1,714 a wurare dabam-dabam na Nijar tsakanin 2004 da 2008, sun lissafa iri 51 a ƙasar, kuma mafi yawansu ba su da dafin da ke kashe mutum. Abincin da yawa daga cikinsu kusu ne da kwaɗi da ƙadangaru. Inda aka ƙarar da su, kusu ke cinye hatsin ruga da dusar bisashe. Bayan haka, bin maciji da sanda shi ne ke kai hannu da ƙafa inda bakinsa ke kaiwa. Wasu ma har wuta suke sa wa daji wai don korar macizai, ciyawar da za ta riƙe garke goma har bazara ta ƙone a yini ɗaya, maciji kuwa ya shige raminsa ya fito bayan wuta ta mutu.

Akwai kuma wanda ya sha magani, ko aka yi masa tsaga, ko ya ɗaura laya a damtse, ya ce shi maciji ba ya kama shi. Ya ga gardi a kasuwa yana rataya kumurci a wuya, ya sayi ƙullin magani, daga ranar ya daina duba inda yake taka ƙafa. Ya kamata mu san cewa maciji mai dafi wani lokaci yakan sari mutum bai zuba dafi ba, wani lokaci kuma wanda ya yi saran ba mai dafi ba ne tun asali. Irin wannan mutum ko ruwan sanyi aka ba shi zai tashi, sai a ce magani ya ci. Ranar da kububuwa ta zuba dafinta sosai, ranar ake gane bambanci, kuma sau da yawa an makara.

Na uku shi ne mai cewa in kwana ya ƙare ya ƙare, a bar shi a ruga a ga abin da Allah zai yi. Babu mai musun ƙaddara a cikinmu. Amma in saniya ta faɗa rijiya ba ma zama mu ce ƙaddara ce, igiya muke nema mu tara mutane. Ɗan mutum ya fi saniya.

Kakanninmu ba su ɗauki maciji abin wasa ba, ba su kuma ɗauke shi abin da za a shafe daga doron ƙasa ba. Tsofaffin Fulanin Masina da Futa suna da labarin Canaba, babban macijin da suke cewa shi ne mai tsaron shanu tun farko, Amadu Hampate Ba ya kawo zancensa a littafin Kumen da ya fito a 1961. Hausawa suna da labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura wanda Bayajida ya kashe. Malamanmu sun karantar da mu cewa shari'a ta halatta kashe maciji mai cutarwa ko da mutum na cikin salla, sun kuma hana mu azabtar da dabba da wuta. Masu zuwa kudu kuma su riƙe wannan: a garin Wida na ƙasar Benin akwai ɗakin tsafi na mesa, a wasu garuruwan Ibo ma ba a taɓa ta. Baƙon da ya kashe mesa a irin waɗannan wurare yana iya jawo wa ruga duka fitinar da ta fi ta ɓarnar gona. Kafin a sauka a ƙasar mutane, Garso ya tambayi abin da suke ƙi.

MU SAN MAƘWABCINMU

Waɗanda suka fi yi mana ɓarna ba su da yawa, kuma kowane da halinsa.

Kububuwa ita ce kan gaba. 'Yar ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya ba, launinta na ƙasa, tana fita da magariba da cikin dare. In ta ji tsoro takan naɗe ta goga jikinta, ka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a tukunya mai zafi. Duk wanda ya ji wannan ya ja da baya. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mugun abin da ke gare ta shi ne mutum na iya kwana ɗaya ko biyu yana magana yana shan fura, a ce ya warke, sa'an nan jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon tabo, ko ya zuba cikin kai. Mace mai ciki tana iya ɓari da zubar jini. In ba a yi allurar dafi ba, cikin mutum 10 da ta zuba wa dafi 1 ko 2 kan mutu. In an yi allurar da ta dace kan lokaci, mutuwar ba ta kai 2 cikin 100 ba. Masu gangarawa Gaya da arewacin Benin, da masu zuwa kwarin Binuwai ta Gombe, Taraba har Garwa, ƙasar kububuwa suke shiga.

Kasa kuwa gajeriya ce mai kauri, mai faɗin kai. Ita ba ta gudu. Takan kwanta kan turba ko cikin busasshen ganye ta saje da ƙasa, sai an taka ta. Dafinta na kumbura ƙafa ya ruɓar da nama, shi ke kai mutum ga yanke gaɓa.

Sai masu fasa kai, kumurci da gamsheƙa, waɗanda sunayensu ke sassaɓawa daga gari zuwa gari. Iri biyu ne. Akwai mai tofi, wanda ke feso dafi a ido daga nisan taki biyu ko fiye, shi ne kuma mai shiga bukka da dare neman kusu da ƙwan kaji, ya sari mai barci a ƙasa. Akwai wanda ba ya tofi, dafinsa jijiya yake kamawa: fatar ido ta sauka, haɗiya ta gagara, numfashi ya tsaya cikin 'yan awoyi.

Wata magana da ya kamata mu aje ita ce ta cewa maciji na tsotson nonon saniya da dare. Bakinsa ba a yi shi don tsotso ba. Abin da ke kawo shi garke kusu ne da kwaɗi da ɗumin wurin. In nono ya ragu ko hantsa ta kumbura, a kira malamin dabbobi ya duba.

ZAMAN LAFIYA DA SHI

Babu macijin da ke farautar mutum a cikin waɗannan, mutum ya fi ƙarfin cikinsu. Sara na zuwa ne in an taka shi, ko an sa hannu inda yake, ko an matsa masa. Saboda haka rigakafin yana hannunmu, ga shi kamar haka:

1. Takalmi. Yawancin sara a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙwauri. Takalmin roba mai tsawo, da wando mai kauri a kansa, ya fi kowace laya tsare ƙafa. Mun san yana da zafi, amma a sa shi da asuba, da magariba, da kiwon dare, da lokacin shiga karan gona bayan kaka. Uban da ya sayar da ɗan akuya guda ya saya wa yaransa takalma bai yi asara ba.

2. Tocila. Kada kowa ya fita bayan gari ko ya zagaya garke da dare cikin duhu. Mai sanda ya riƙa buga ta gabansa cikin ciyawa, don maciji na jin motsin ƙasa ta jikinsa, da yawa sai su kauce. Kasa ce kaɗai ba a dogara da haka a kanta, ita sai ido.

3. Wurin kwana. A kwana bisa gado ko wani abu da ya ɗaga daga ƙasa, a ɗaura sange, wato gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Sange ɗaya na tsare sauro da kunama da maciji. A kakkaɓe tabarma da takalmi da buhu kafin a taɓa.

4. Wurin sauka. Kada a kafa ruga gindin suri, ko kan tarin duwatsu, ko jikin kututturen da ya rube. A share ciyawa kewaye da bukka. Hatsi da dusa da akurkin kaji a nisanta su da inda yara ke kwana, don inda kusu ya je maciji na biye.

5. Hannu. A ja wa yara kunne su daina cusa hannu ramin gafiya da na kurege da kogon itace. Iyayenmu mata, a juya itace da tarin kara da sanda kafin a ɗauka.

6. In an gamu da shi a fili, a tsaya, a ja da baya a hankali, a kauda bisashe, a ba shi hanya. In ya shigo bukka ko tsakiyar yara, babba guda mai doguwar sanda ya fuskance shi, sauran su fita. Wanda aka kashe kuma kada a ɗauka da hannu, don kan maciji na iya sara bayan an sare shi. A tona rami a binne.

'Yan'uwa 'yan kasuwa da masu koran shanu a ƙasa, wannan magana ta shafe ku. Ku ne ke kwana a ƙasa a kasuwannin Balleyara, Illela, Mai'aduwa ko Maigatari, jikin tarin harawa da buhunan dusa. Yaran da kuke ɗauka su kora muku shanu kwana da kwanaki, ku sa takalmi da tocila cikin lissafin guzurinsu kamar yadda kuke sa gari da sukari.

IN AN YI SARA

Nan ne muka fi asarar rayuka, don lokacin da ya kamata a yi tafiya da shi ake ɓatarwa wajen neman macijin, da neman mai magani, da jiran mai gida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. Muna roƙon kowane mai ruga ya faɗa wa iyalinsa tun yau cewa in abin ya faru ba ya nan, izini ya riga ya bayar.

A ɗauke mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, munduwa, guru, laya da takalmi kafin kumburi ya kama. A ɗaura wa gaɓar kara ko sanda, sako-sako kamar ɗorin karaya, don kada ta motsa. Kada ya taka da ƙafarsa: a ɗora shi bisa jaki, amalanke ko babur, wani ya riƙe shi ta baya. In yana amai a kwantar da shi ta gefe. Mai wayar salula ya kira likita tun ana hanya ya tambaya ko akwai allurar, in babu a wuce gaba inda take. Kada a tsaya farautar macijin, ma'aikacin lafiya na gane irin dafin ta alamomin jiki.

Ga abubuwan da za a bari. Kada a ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba, wannan ɗauri shi kansa yana kashe ƙafa. Kada a tsaga, kada a kafa ƙaho, kada a tsotsa, don wanda kububuwa ta sara in aka tsaga shi jinin ba ya tsayawa. Baƙin dutsen nan da ake mannawa a bakin sara an gwada shi, an ga ba ya fitar da dafin da zai ceci rai. Kada a ba shi asfirin ko ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan tebur, suna ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai ya isa. Addu'a kuwa a yi ta bisa hanya, ba ta hana tafiya.

Wanda aka tofa wa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana zubawa. In babu ruwa kusa, madara ta yi. Kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye, a kai shi likita.

A likita akwai gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, a aje minti 20. In bai daskare ba, dafi na aiki, ana bukatar allura. Ko an kwana biyu ko uku, muddin jini na zuba allurar tana amfani, saboda haka kada a ce an riga an makara a zauna. Ita wannan allura ma daga bisashe take fitowa: doki ko tunkiya ake yi wa allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsu ya koyi yaƙi da shi, sa'an nan a tace maganin daga jinin.

Dabba kuma an fi saranta a hanci ko a ƙafa. Babbar saniya takan jure, tumaki da awaki da kare su ne ba su cika tashi ba. A kai ta inuwa, a kwance mata igiyar wuya in fuska ta kumbura, a bar ta ta huta, a nemi malamin dabbobi.

HAƘƘINMU

Duk abin da muka lissafa namu ne mu yi. Amma akwai wanda ya fi ƙarfin ruga. Mutum na iya yin tafiyar yini da ɗansa a amalanke, ya iso a ce masa babu allura, ko a rubuta masa takarda ya tafi birni ya saya, kwalba guda kuɗin akuya ko rago, kuma wani sai an yi masa biyu ko uku. A 2014 kamfanin Sanofi Pasteur na Faransa ya daina yin Fav-Afrique, allurar da ƙasashenmu suka daɗe suna dogara da ita, ragowar kuma wa'adinta ya ƙare a watan Yuni na 2016. Ba kowace allura ce ke aiki kan macijin ƙasarmu ba: a wani asibitin karkara na Gana, da aka canza zuwa wadda aka yi da dafin macizan Indiya, mutuwa ta tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100. A gefe guda kuma, an haɗa EchiTAb da dafin macizan yankinmu, kuma a Nijeriya asibitin Kaltungo na jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar saran maciji. Ashe abu ne mai yiwuwa in an sa kai.

Dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi a Nijar. Haƙƙin tafiya kuwa bai cika ba in babu magani a hanyar. Kuma kowa ya sani, in aka nome burtali da makiyaya, kan duwatsu da cikin kurmi ake tura mu, kiwon dare ya zama dole, can ne kuma maciji yake. Saboda haka muna kira ga hukumomin lafiya da magadan gari da sarakunanmu:

A aje allurar dafi wadda aka tabbatar tana aiki kan kububuwa, kasa da kumurci a gidajen likita da ke kan manyan burtali da kusa da kasuwannin bisashe, musamman irin ta gari wadda ba ta bukatar firji, kuma ta iso kafin ruwan farko.

A sassauta kuɗinta, a yi wa mutum allura tukuna kafin a tambayi kuɗi.

A koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita gwajin minti 20 da yadda ake ba da allurar.

Mu kuma a namu ɓangare, kowane reshe na ƙungiya ya buɗe littafi: ranar sara, wurin, shekarun mutum, inda aka kai shi, da yadda ta ƙare, har da na bisashe. Wanda ba ya rubutu ya faɗa wa sakataren reshe. Da wannan littafi za mu shiga ofis. Kowane reshe kuma ya aje asusu, ko tunkiya biyu ce ta ƙungiya, don kuɗin babur da allura, wanda aka taimaka ya biya bayan ya warke. Garso kuwa, in ya tafi duba ciyawa da ruwa kafin tashi, ya haɗa da tambayar gidan likitan da ke da allura, ya kawo lambar wayarsu.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu kada mu jira sai an sare mu kafin mu koyi duba ƙasa. Abin da kuka ji a nan ku kai shi ruga, ku faɗa wa mata da yara da harshen da suke ji, don su ne ke gaba wajen itace da kiwon ƙananan bisashe.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu daga sharrin abin da ke ja da ciki, ya kai kowa gida lafiya. Amin.